Tsarabar Ƙasar Ruma

Duk wanda ya taso a gidan da tushensa ke yammacin Katsina ya san baƙo daga ƙauye ba ya shigowa hannu rabbana. Kafin ya gama sallama, yara sun riga sun kewaye buhun da ɗan acaɓa ya sauke a ƙofar zaure. Ba mai kwance shi sai uwar gida ta fito. A sama rogo ne da dankali, da sauran ƙasar gona a jikinsu. A ƙarƙashi ƙulle-ƙulle ne cikin leda da tsumma: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, wani lokaci har da kwalbar man shanu da aka toshe bakinta da totuwar masara. Kowane ƙulli da mai shi. Wannan na Inna ne, wancan Gwaggo ta ce a ba mai jego, ƙaramin kuma na maƙwabciyar nan ce da ta taɓa raka ku biki, kada ta ce an manta da ita.

Haka abinci ya daɗe yana tafiya daga Batsari da Safana zuwa birnin Katsina da Dutsin-Ma da Kano da Kaduna, har Legas wurin 'yan ci-rani. Ba wai babu kuka a kasuwannin can ba ne, akwai ta buhu-buhu. Amma matar da aka auro daga Wagini ko Runka za ta gaya maka kukar kasuwa rabinta ƙasa ce, ta gida kuwa ta san bishiyar da aka ɗebo ta, ta san wadda ta shanya ta a inuwa don kada rana ta cinye korenta. Ko gaskiya ce ko son gida ne, ban taɓa ganin wanda ya ci wannan gardama da ita ba.

A 'yan shekarun nan buhun ya rage zuwa, a wasu gidajen ma ya daina. Wasu daga cikin masu aiko shi su ne yanzu ke zaune a ɗakin haya a bayan gari, suna awo da tiya. An ba da labarin rashin tsaron yankin da yawan rayukan da aka rasa da shanun da aka kora, kuma haka ya kamata. Sai dai akwai ɓangarensa da ba ya shiga labaran rediyo, sai ka leƙa madafa kake ganinsa.

Ƙasar da tukunyar ta fito

Ƙananan hukumomin biyu maƙwabtan juna ne, Batsari daga arewa, Safana daga kudu, dukansu sun jingina da dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Tun a ƙarni na 19 ƙasa ce ta bakin daga, inda hare-haren Maraɗi da Gobir ke fara sauka. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya bar Katsina a watan Maris na 1853 zai nufi Sakkwato, ta Kuraye da Kurfi ya bi ya sauka Zakka, wadda ke cikin Safana a yau, sannan ayarinsu ya ratsa dajin cikin fargabar mayaƙan Gobir ya ɓulla wajen Zurmi. Tsoron wannan daji ba yau ya fara ba. An dai sami dogon lokaci na sauƙi a tsakani, kuma a cikin sauƙin nan ne kakanninmu suka kafa irin girkin da muke tunawa.

Mafi yawan ƙasar jigawa ce, mai son gero da wake da gyaɗa, ga dawa a inda ƙasa ta ɗan yi ƙarfi. Amma abin da ya fitar da sunan Batsari a bakin masu saye shi ne rogo da dankali. Duka biyun baƙi ne, asalinsu nahiyar Amurka, jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo su gaɓar Afirka, suka yi ta tafiya hannu zuwa hannu har suka iso nan suka zama 'yan gari. Gero ne ɗan asali, don a yankin Sahel aka fara nomansa fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Rogon nan ba irin mai ɗacin da sai an jiƙa an matse ba ne. Ferewa ake yi a dafa, har ya tsage ya yi gari-gari, a barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Batsari, wanda ya ci wannan da hantsi ya kora da ruwa ba ya neman komai sai bayan la'asar. Wanda bai sayu ɗanye ba a yayyanka shi a shanya ya zama alabo, shi ne ake haɗawa da garin wake da kuka da ruwan kanwa a jefa ɗanwake. Masu yin ɗanwake da fulawa zalla a birni suna da hujjarsu, amma wanda ya saba da na alabo yana sa loma ɗaya zai gane an canza masa.

Gero na manomi, nono na makiyayi

Idan ana maganar abincin gida a wannan ƙasa, tuwo na dare ne, ɗumamensa na safe, amma rana ta fura ce, ko hura kamar yadda ake faɗi a can. Ita ce ake kai wa gona, ita ake tarbar baƙo da ita kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi.

Kakata ta wajen uwa ba ta yarda da furar inji ba har ta koma ga Mahaliccinta. Tun da sassafe ake yayyafa wa geron ruwa a surfa shi a turmi, a bakace dusar a faifai, a wanke, a baza ya tsane. Sannan a mai da shi turmi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, 'yan mata biyu ko uku su kama taɓare suna lugude, a tankaɗe, a sake daka tsakin, har ya zama gari. Sai a yayyafa ruwa a dunƙula manya-manya a jefa cikin tukunyar da ke tafasa. Wurin da take tsayawa da kanta shi ne kirɓi. Ana tsamo dawon da zafinsa a zuba a turmi, ana kirɓawa ana ɗiga ruwan zafi, ita kuma tana gutsura tana murzawa tsakanin yatsu biyu. In ta ji sauran gari sai ta ce, "Ba ta yi ba, ku ƙara mata hannu." Sai ta ga tana kama taɓarya tana danƙo sannan ta yarda a cura, a birgima cikin gari, a jera a ƙwarya a rufe da faifai.

To amma duk wannan wahala rabin aiki ce. Sauran rabin yana ruga. Kafin azahar matan Fulani sun shigo gari da ƙore a ka, kuma kowane gida da tasa Bafulatanar, wadda uwarta ce ke kawo wa uwar mai gidan. Sau da yawa kuɗi ba ya shiga tsakani: a ba ta gero ko dusa, ta zuba kindirmo, ta ɗora ɗan curin man shanu a kai gyara. In an yi haihuwa a ruga a aika da turmin atamfa, in an yi a gari ita ma ta zo barka da ƙwaryarta. Da kaka shanunsu su sauka a gonar mai gida su ci kara su bar taki. Hukuma ma ta san da wannan arziki. Gandun dajin Ruma da Kukar Jangarai yana cikin wuraren kiwon da gwamnatin Jihar Arewa ta fara gyarawa a shekarun 1960, aka yi madatsun ruwa don dabbobi, a zamanin da aka kafa dokar wuraren kiwo ta 1965.

Ba ina cewa da can babu faɗa ba ne. Ana ɓarna, ana kai ƙara gaban mai gari, ana biyan diyya, wani lokaci a yi rashin adalci. Amma mutanen da dole su haɗu kullum a kan ƙwarya guda ba sa bari rigima ta kwana da yawa.

Abin da ke ba miya suna

A ƙasar nan miya ba da nama take suna ba, da daddawa take yi. Nama na ranar kasuwa ne da Sallah da suna. Daddawa kuwa aikin tsofaffin mata ce, kuma aiki ne na haƙuri. Da bazara ake kaɗo ɗorawa, yara su shanye garin, a tara kalwar. A dafa ta yini guda har ta yi laushi, a surfe ɓawon a wanke tas, a sake dafawa, sannan a zuba a kwando a lulluɓe a ajiye a ɗaki kwana biyu zuwa uku. Warin da ke fitowa daga ɗakin shi ke shaida ta nuna. Sai a kirɓa, a mulmula, a fyaɗa da tafin hannu a shanya. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci akwai daddawar batso, ta 'ya'yan yakuwa, wadda warinta ya fi ƙarfi, masu sonta kuma ba sa haɗa ta da komai.

Sauran kayan miya duk a bayan gida suke ko a bakin daji. Da damina ga tafasa da rama da zogale na kwaɗo da dambu, ga lalo da yakuwa da kabewar taushe. Yara kuma daji ne kantinsu: kanya, magarya, aduwa, ɗinya, goruba, kowace da lokacinta. Da gero ya fara nuna a watan Satumba, kafin a yanka, sai a karyo zangarniya a babbaka a wuta a murje a tafin hannu a hure ƙaiƙayin. Tumu ke nan. Ba a iya sa shi a buhu a aika birni, don kwana ɗaya ya isa ya kashe daɗinsa, shi ya sa yaran da aka haifa a Kano ko Abuja suke jin iyayensu na zancensa ba su san me ake nufi ba.

Abin da ke jure tafiya shi ne wanda aka busar. Almajiri zai tafi gabas da gumba da ƙuli-ƙuli. Ɗalibar da ke Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko ta Umaru Musa 'Yar'adua tana komawa da robar yajin daddawa da garin kunu. Maniyyaci ma ba a barinsa ya hau jirgi sai an cusa masa kuka da yaji a jaka, don an san shinkafar Makka za ta gundure shi. Mai jego kuwa, in haihuwar fari ce, ita ce ke tafiya wurin abincin: ta koma gaban iyayenta wanka, a yi ta ɗura mata kunun kanwa da tuwo mai zafi da yaji har ta yi arba'in.

Da hanya ta yanke

Satar shanu ce ta fara, kuma Fulanin da ke kawo nono suna cikin waɗanda ta fara cinyewa. Wanda aka kore masa garke ko dai ya bar ƙasar ko ya shiga daji. Daga nan aka shiga ramuwar gayya tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai, har ta kai Bafulatani na tsoron shiga kasuwa, Bahaushe na tsoron zuwa gona. A watan Mayu na 2019 aka kashe mutum 18 a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari, 'yan uwansu suka ɗauko gawarwakin har birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, aka ƙone gidaje da abinci. Sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla a 2019 bai yi ƙarko ba. Mutane suka watse, wasu cikin garin Batsari, wasu Dutsin-Ma da Katsina, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi.

A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnan ya sa hannu kan dokar da ta hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana, ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi fiye da 10, su biyun na ciki, aka yi watanni a haka. An yi ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya, amma duk abin da aka lissafa a dokar yana da ƙofa zuwa madafa. Itace shi ne murhu. Fetur shi ne injin niƙa da babur ɗin da ke kai buhu bakin titi. Akuyar da mace ke kaiwa kasuwa ita ce asusunta na ranar da hatsi ya ƙare. Waya kuwa ita ce ake cewa da ita, "Na ba direba saƙo, ku tare shi a tasha." Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu na 2023, kuɗin mota ya kai inda mai aiko buhun rogo sai ya tsaya ya yi lissafi ko kuɗin dakon bai fi rogon ba.

Na ga yadda girki ke canzawa a gidan wata gwaggona da ta baro ƙauyensu ta zauna a gefen birnin Katsina, ita da surukai biyu da jikoki a ɗaki biyu. Ta bar turminta, don ba a gudu da turmi. Ko da ta zo da shi, mai gidan haya ba zai yarda a fasa masa siminti da daka ba. Gawayi ake saye na ɗari biyu, na ɗari uku, wanda ba zai dafa kalwa ba, ba zai ma dafa wake ya nuna sosai ba, don haka tukunya ta koma ga abin da ke saurin dahuwa: taliya, garin kwaki, ɗan malele. Daddawa ta zama ta saye, ƙwaya biyu a miya, sauran a cike da dunƙulen magi. Nono akwai shi a bakin titi, amma da yawansa madarar gari ce aka kwaɓa aka bari ta kwana. Tana sha, don ba ta da zaɓi, sai dai kullum sai ta ce, "Wanga ba nono ba ne, farin ruwa ne."

Abin da ya fi cin ranta ba ɗanɗano ba ne. Ita ce mai aikawa, yanzu ita ake kawo wa. Matar da ta saba buɗe rumbu ta ɗebo dami ba tare da ta tambayi kowa ba, yau tana jiran ɗanta ya dawo daga aikin lebura da abin da ya samu a leda. In baƙo ya zo sai ta rasa inda za ta sa kanta, don babu abin da za ta ƙulla masa ya tafi da shi. A wajen irinsu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zumunci a ƙasar Hausa a ƙafa yake, amma ƙafar ba ta saba tafiya ba ɗan ƙulli a hannu.

Kuma gwaggon nan tana cikin masu sa'a, don tukunyarta na hawa murhu kullum. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke kula da yara masu tamowa a jihar tun 2021, ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina a watanni shida na farkon 2025. Wannan a jihar da ƙauyukanta suka saba ciyar da birane.

Jikokin gwaggona mata kuma suna tasowa ba su taɓa surfe ba. Ba laifinsu ba ne, kuma ba zan yi kukan turmi a madadin waɗanda ba su ne ke tsagewar hannu ba. Inji rahama ne, duk wadda ta yi dakan gidan mutum ashirin za ta shaida. Amma sanin lokacin da kalwa ta nuna, da yawan kanwar da tuwon dawa ke so, da yadda ake gane talge ya isa a zuba gari, ba a littafi suke ba. A tsaye ake koyonsu, kusa da wadda ta iya, a gidan da ke da kayan yin su.

Komawa

Tun daga farkon 2025 al'ummomin Batsari da Safana da Jibiya da wasu maƙwabtansu suka shiga sulhu da mutanen daji. Ra'ayi ya rabu a kansa, kuma masu shakka suna da dalili, don sun ga na baya. Duk da haka mutane sun fara taka gonakin da suka yi shekaru ba su gani ba, Fulani na shigowa kasuwa, ana samun nonon shanu a inda aka daɗe ba a gan shi ba. Sai dai kowane abu da saurin dawowarsa. Gero wata uku ne. Rogo yana son abin da ya kusa shekara a ƙasa, don haka mai dasa shi sai wanda ya yarda zai kai baɗi a wurin. Garken da aka kore ba ya haɗuwa a damina biyu. Ɗorawar da aka sare aka yi gawayi da ita kuwa, wanda ya dasa madadinta ba lallai ne ya ci daddawarta da ƙuruciyarsa ba.

A danginmu gardamar da ake yi yanzu ta rumbu ce. Tsofaffi na son a sake ginawa, don geron da aka ajiye da zangarniyarsa a rumbu yana shekaru bai yi komai ba, kuma furarsa daban take da ta wanda aka sussuke aka zuba a buhu da maganin ƙwari. Matasa suka ce rumbu talla ne, daga nesa ake hango shi, kuma ashana ɗaya ta ishe shi. Sun fi son a sussuke tun a gona, a loda a mota, a kama shago a cikin gari a ajiye, a riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan. Da kakar da ta wuce maganar matasan aka bi, aka bar dami kaɗan a ƙauye saboda iri da furar tsofaffi.